Zalɓe

Jikata Nusaiba ta miƙo min waya da hantsi,
ta ce, Kaka, Baturenka ya rasu.
Na ƙura wa hoton ido: tsoho, kai fari fat,
tuta a bayansa, wuya a shaƙe.
Ban shaida shi ba sai da na kai ga kunnen hagu,
inda ƙugiyata ta taɓa tsaga shi a bakin gungu.

Shekara sittin ke nan, ko da ɗoriya.
Ya sauka Yelwa da akwatin ƙarfe da littafi guda,
wai daga Amurka aka aiko shi ya koya mana noman albasa.
Mu, da aka binne cibiyarmu a fadamar albasa!
Ba mu yi dariya ba
sai da ya ba da baya.

Everett Kessling, harshe ya ƙi ɗauka.
Inna Tumba mai ƙosai ta raɗa masa Zalɓe,
don tsawon ƙafa, da tsayuwar bakin ruwa ba dalili.
Shekara biyu ina tuƙa shi.
Sau uku ya kifar min da kwalekwale,
ya ba ni sule goma, na mayar masa biyar.

Ranar kasuwa ya fi so.
Sai ya tsuguna gefen Ɗanmaliki dillali
yana kallon yadda ake sasanta mutum biyu kan buhu ɗaya.
Ɗanmaliki ya ce, Zalɓe, riƙe wannan:
wanda ya ce albarka bai tafi ba tukuna.
Wanda ya yi shiru ya kaɗe rigarsa, shi ne ya tafi.

Ya koma gida. Malamin makaranta ke karanta min wasiƙunsa.
Ya tsaya takara, ya sha ƙasa.
Ya sake tsayawa, ya sake sha.
Ya rubuto, Bagudu, na kife sau biyu, saura ɗaya.
A na ukun ya haye.
Daga nan wasiƙa ta fara ramewa,
ta koma kati mai hoton ƙanƙara,
ta koma sa hannun sakatare,
ta ƙafe.

Wata shekara rediyo ta lissafo 'yan majalisar
da suka ɗaga hannu a tafi yaƙi.
Na ji sunansa a tsakiya.
Na kashe ta, na sauka duba taru.
Aka kuma ce da ya zama jakada
ya yi wata bakwai tsakanin maƙiya biyu da ba su haɗa ido,
yana kai gwauro yana kai mari,
har suka sa hannu a takarda ɗaya.
To, wanne ya rinjayi wanne?
Ni mudun albasa na sani, ba wannan sikeli ba.

Sau ɗaya ya dawo. Mota tara, jiniya,
masu baƙin tabarau suka tare ni da ƙirji.
Na ɗaga filafili sama na ƙwala: Zalɓe!
Ya tsaya cak. Ya taɓa kunnensa.
Da Hausar da ta yi tsatsa ya ce, Bagudu, ina gajiya?
Minti huɗu. Wani ya nuna masa agogo.
Na miƙa albasa uku, manyan gonata,
wani ya karɓe, ya shinshina, ya ajiye a gefen titi.
Akuyar Inna Tumba ce ta ci rabon jakada.

Nusaiba ta karanto min jerin muƙamai,
garuruwan da ban iya furtawa, lambobin yabo.
Na ce, ina Yawuri?
Ta ja yatsa sama, ta ja ƙasa.
Ta ce, layi ɗaya: ya taɓa aikin sa-kai a Afirka.

Afirka.
Kamar a ce kifi ya taɓa zama cikin ruwa.

Na fita bakin Kwara bayan la'asar.
Ɗanmaliki ya daɗe a ƙasa, ba wanda zan tambaya
ko albarka mutumin nan ya ce mana,
ko rigarsa ya kaɗe.