Ƙusar Bangon Inna

Akwai wata ƙusa a bangon ɗakin Inna Tasalla,
can Gangare, bayan layin maƙera,
inda take rataye makullin rumfarta
tun ban kai ƙugunta ba.
Bara ta ce mini, "Lantana,
wa ya ɗaga ƙusar nan?"
Ba wanda ya ɗaga ta.
Inna ce ta sauko.

Matar da ta ɗauki kwanon kuza a Dilimi,
ta sungumi buhun kabeji a Farin Gada
ba ta nemi ɗan dako ba,
ta goya tara, ta yaye tara,
ran wata Laraba, sanyin Jos na yankan kunne,
santsin bakin rijiya ya kwashe ta.
Ba wata faɗuwar kirki ba, zama ne da ƙarfi.
Amma muka ji ƙas,
kamar an taka busasshen kara.

A asibiti likita ta ɗaga hoton sama,
ta ce mu duba.
Na duba, na ga azarar da gara ta ci:
waje sumul, ciki duk ƙofofi.
"Wannan ciwo ba ya sallama," in ji ta.
"Da cokali yake ɗiba,
ran da al'ada ta ɗauke ya koma ludayi.
Ƙashi asusu ne.
Abin da kika jefa kina budurwa
shi za ki fasa ki ci da furfura."

Sai na tuna kwanon Inna.
Kifin namu, romon nata.
Kindirmon namu, nata ɗaurayen ƙwarya.
Kowane ɗa ya zo ya ɗebi rabonsa a jikinta,
ba wanda ya mayar.
Har ni.

Likitar ta ajiye hoton, ta dube ni.
"Ke fa?"
Arba'in da uku. Tela.
In shiga shago rana ba ta fito ba,
in fito ta riga ta faɗi.
Shayi, burodi, lemon kwalba,
a daidaita sahu har ƙofar gida.
Na buɗe baki, na rufe.

Yanzu kowace hantsi Inna na tsakar gida,
rana na dafa mata ƙwauri,
maganinta ƙulle a bakin zane,
tana koyon taku daga ɗaki zuwa gindin gwaiba.
Jiya sha ɗaya.
Yau sha huɗu, da tsaki biyu.
Mun dama siminti mun kashe santsin rijiya,
mun sa ƙwan fitila a hanyar banɗaki.

Ni kuma da ƙafa nake hawan unguwa,
ina haki kamar zugazugi, amma ina hawa.
Kwaɗon zogale da riɗi,
ƙananan kifi a daka da ƙayarsu a miyar kuka,
kindirmo ran da kuɗi suka yarda.

'Yata Kyauta, sha huɗu, ta yamutsa fuska,
ta ture kofin.
Inna ta nuna ta da sanda:
"Shanye, ja'ira. Ba don yau ba ne."

Ran Asabar na zo da guduma
in sauko da ƙusar daidai hannunta.
Ta ce, "Bar ta nan.
Kyauta ta riƙa rataye mini.
In ta miƙa hannu, ta tuna
da ni ma ba na ɗage."