Awon Baki

Na sami Kailani a maƙerarsa, bayan Ƙofar Gayan,
zugazugi na numfashi kamar tsoho mai fuka.
Ya jera bututu uku a kan buzun akuya.
Bai ce in zaɓa ba. Cewa ya yi, miƙo hannunka.

Na farko ya haɗiye ƙaramin yatsana, ya tsaya a gaɓa.
Na biyu ya karɓi manuni da ɗan matsi, kamar zoben aro.
Na uku, babban yatsa ya shige yana lilo,
har da sauran wurin da iska za ta kwana.
Na ce, wannan. Irin ta Baba ce.

Kailani ya tofar da tukar goro gefe.
Ya ce, na san adakar Jatau, ubana ya ƙera ta
zamanin da gadu ke tonon rogo har gindin Kufena.
Na kuma san kafaɗar Jatau ta dama
da ta sauka ba ta sake hawa ba,
da kunnen da sai an zagayo ta hagu ake masa sallama.
Kai dai gaya mini,
me ya rage a dajin naku?

Na hau lissafi.
Zabin daji a fadamar Galma, in an yanke shinkafa.
Fakara. Zomo. Gyazbi cikin rake wajen Dakace.
Gada ɗaya na gani bara, ita ma ta gan ni.
Yatsun hannu ɗaya suka ishe ni.

Ya ce, to, babban baki babban ciki ne.
Ka ɗura mata albarushin kwana uku
ta cinye a tari ɗaya,
ta watsa maka zabo,
ka kai wa iyali gashi da ƙafa biyu.
Ƙaramar kuwa ba ci, ba faɗa,
muryarta kamar an karya kara a gwiwa,
sai dai ranar da gada ta tsaya maka
za ta tafi da dalmarka a cinya,
ta je ta faɗi a inda babu mai ambaton Allah a wuyanta.
Wannan alhaki ba a maƙera yake kwana ba.

Ban gaya masa ba
cewa ba nama na zo nema ba, ƙara na zo saye.
Muna yara, in ta Baba ta yi magana da asuba
jemagu kan bar rimi,
Inna kan ɗaga kai daga turmi ta ce, a jiƙa kanwa,
a ɗebo ruwa, mai gida ya yi sallama daga nesa.
Ita nake so a ji.
A ce gidan Jatau bai yi shiru ba.

Kailani ya zuba mini dalma uku a tafin hannu:
ƙwayar gujiya, ƙwallon magarya, da wata kamar ɗinya.
Na jima ina juya su.
Wutar maƙera ta lafa, yaronsa ya yi gyangyaɗi,
aka kira la'asar a masallacin unguwa.
Na mayar da biyu.
Magaryar na jefa a aljihu.

Bayan sati uku na kai ta gida a naɗe cikin buhu,
ƙotarta na ƙanshin man kaɗe.
Baba na zaune a zaure, ido ya yi hazo.
Ya lalubi bakinta, ya gwada babban yatsa.
Ya ƙi.
Ya gwada manuni, ya shiga.
Na jira faɗa.

Ya kamo hannuna ya ɗora a kafaɗarsa ta dama,
inda ƙashi ya haɗe a karkace,
ya bar shi a nan har na ji ɗumin wurin.
Ya ce, wa ya ƙera?
Na zagaya ta hagu na ce, Kailani.
Ya ce, yaron nan ya fi ubansa tausayi.
Kana ya ce in tafi Galma kafin zabin su ji labari.