Ƙyale-su

Shekara goma sha huɗu ke nan
da na tsince ka a gindin duwatsun Birni,
ɗan tsurut, kunne ɗaya a karye,
kana lasar raɓa a jikin dutse
tun ba ka san ƙishin Damagaram ba.
Na sako ka a aljihun riga.
Fanna ta ce, “Mutane za su yi magana.”
Na ce, “Ƙyale su.”
Shi ke nan, suna ya bi ka.

Mun yi gadin sito a Zango, ni da kai,
buhunan wake, buhunan gyaɗa, dare nawa ne?
In na yi gyangyaɗi, kai ke riƙe mini ido.
Ɓarawon da ya hauro ta bayan katanga
ya bar maka ƙafar wando, ya bar mini labari.
Ranar albashi kuwa
sunana kaɗai ke cikin takarda.

Yau ƙafafunka na baya sun yi maka tawaye.
Ka yunƙura, gaba ta tashi,
baya ta ce ba ta zuwa.
Sai in ɗauko tsohon rawanina
in zarga shi ta ƙarƙashin cikinka,
in ɗaga, mu taka, mu huta, mu taka.
Daga zaure zuwa inuwar dogon-yaro
taku goma sha tara ne, na ƙirga.
Da can tsalle uku kake yi.

Haƙora saura huɗu, su ma na ado.
Kiyari mahauci, can Kasuwar Dole,
yana ɓoye mini huhu kowace Alhamis;
in dafa shi ya yi luguf, in dama da ɗumamen tuwo,
in tallafe haɓarka har ka haɗiye.
Famfo kwana shida bai ce uffan ba,
mai ga-ruwa ya ƙara dala biyar a jarka,
amma kaskonka ba ya bushewa
ko da ni zan yi taimama.

Likitan dabbobi ya latsa ƙugunka,
ya leƙa idon nan da ya yi fari kamar nono,
ya ce akwai wata allura
mai kawo barcin da ba a tashi.
Jaka biyu.
Na daɗe ina murza kuɗin a aljihu.
Ƙwayar ciwon gaɓoɓi na saya,
na turo ka gida a cikin baro,
yara na biye da mu suna shewa:
“Tsoho ya samu ubangida!”
Ba su yi ƙarya ba.

Malam Ari ya leƙo ta kan katanga:
“Kare ne fa. Kai shi bayan gari ka huta.”
Na san hukuncin yawunka, an karantar da ni;
ina wanke ƙwarya, ina wanke hannu,
ƙasa ba ta yi tsada ba tukuna.
Abin da ba a karantar da ni ba
shi ne yadda ake jefar da abokin aiki
don ƙafarsa ta gaji.

Shekaranjiya ka jiƙa buhun da kake kwana a kai.
Ka kau da kai, ba ka son mu haɗa ido.
Haba, Ƙyale-su.
Ni da ke dafa bango kafin in miƙe daga sujada?
Da aka ɗauke Fanna zuwa makwancinta
wa ya kwana bakwai a ƙofar ɗakinta bai ci ba?
Ƴaƴana suna Agadas, suna Kano, suna waya.
Kai kana nan.

Jiya da tsakar dare wani ɗan kabu-kabu
ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaran fitila.
Ka ɗaga kai da ƙyar,
ka tattaro abin da ya rage a ƙirji,
ka yi haushi ɗaya, dusasshe,
kamar ana jan turmi a kan tsakuwa.
Sannan ka juyo da farin idon wajena
ko na ji.

Na ji.
Mai da kanka, kwanta.
Yau ni ke gadi.