Na'am

Mun sauka Lesta da la'asar, ni da Kamilu,
cikin yayyafin garin nan da ba ya zuba, ba ya ɗaukewa.
Shi da takardun lauya a hammata,
ni da maganar da na shekara shida ina wasawa kamar wuƙa.

Duniya ta san shi da Bawa Ƙyalƙyala.
Ya cika zaure a Landan, ya cika a Bamingham,
mutum dubu uku na riƙe ciki, suna share hawaye.
Mu kuwa a talabijin muka fi sanin haƙoransa.
Uban kowa ne a waje,
a gida baƙo ne mai yawan barci.

Da Inna ta rasu, shekara ba ta zagayo ba
ya kawo Morin, nas a asibitin da ya taɓa kwanciya.
Ba mu ce mata Anti ba. Ba mu ce mata komai ba.
"Matar can," muke cewa a waya.
Matar can ta kori 'yan jarida, matar can ta canja makulli,
matar can ke cewa "yana hutawa" duk sa'ad da muka buga.
Muka ce ta ga maiƙo, ta rufe tukunya.

Ta buɗe mana ƙofa da silifas ɗinsa a ƙafarta.

Kamilu ya baje takardu a teburin kicin:
gida, kuɗin faifai, riga mai aska takwas
da ya sa daren da aka ba shi lambar yabo,
har hular da gidan tarihi ke nema.
Ta ce, "Ku ɗauka." Ta ɗora butar shayi.
Ko tabarau ba ta nema ba.

Ni ce na hau sama, ɗakin da aka hana mu.
Gado mai shinge na tarar, da warin man zafi,
da 'yan takardu manne a bango da rubutunta:
nan bayi, nan alƙibla, yau Talata.
Da Hausa. Hausar ɗan koyo, ba lanƙwasa ko ɗaya.

A kan durowa akwai tsohuwar waya. Na danna.
Muryarsa ce, ta sirance kamar tsinken tsintsiya,
yana jan labarin nan na ladan da agwagwa
wanda ke kwantar da zaure.
Ya kai tsakiya, hanya ta ɓace masa.
Ya koma farko. Ta sake ɓacewa.
Sai dariyar mace, ita kaɗai,
daidai gurbin da dubu uku suka saba yi.

Sai ya ce, "Lantana."
Sunan uwarmu.
Ita kuwa, ba ko jinkiri: "Na'am."
"Yaran sun ci?"
"Sun ci, Malam."
"Kada su gan ni haka."
"Ba za su gani ba."

Na duba kwanan wata. Shekara uku ana haka.

Na zauna a bakin gadon har hasken taga ya mutu.
Wa ya ba ta aron sunan uwata?
Wa ya ce ta riƙe amanar mutumin da ba ya gane Talata,
ta bar mu a waje muna zaginta,
alhali ko rabin labarin ne da mun zo mun saurara?
Ina da hujja. Har yanzu ina da ita.
Sai dai wuƙar ta yi nauyi a hannu,
na rasa ta ina ake riƙe ta.

Da na sauko, Kamilu na lissafi da biro a baki.
Ita tana tsaye, ta ba mu baya, tana wanke kofi guda
wanda tun ɗazu ya fita.

Na ce, "Morin."
Ba ta juyo ba.
Na sake cewa, "Morin."
Sai ta waiwayo a hankali,
kamar wadda aka kira da sunan wata
da ta sani tun da daɗewa.