Muryar da Muka Sayo a Bragança

Shekara talatin da ɗaya taswira na kan cinyar Graciete,
ta yage a gaɓoɓi, an ɗinke ta da salatif.
Ni da sitiyari, ita da ɗan yatsa,
muna kai cuku da man zaitun ƙauyukan kan duwatsu.
Ban taɓa haddace sunan hanya ba. In yi me da shi?
"Hagu, Anselmo." Sai in yi hagu.

Bara yana ta rufe mata ido.
Asibiti suka ce a bi layi, wata tara ko goma.
Sau biyu na sauke kaya a ƙofar da ba a jira na,
sau ɗaya muka kwana cikin mota a gindin wata majami'a,
tana riƙe da takardar da ba ta iya gani,
ba ta ce da ni uffan ba. Shirun ya fi faɗa ciwo.

Ran Talata muka shiga shagon kayan lantarki.
Yuro tamanin ne a aljihuna, ko sisi babu ƙari,
kuɗin tayar baya, na ce taya ta ƙara haƙuri.
Wayata mai maɓalli ce, kuma a kwarin nan namu
sabis kan ɗauke kamar an hure fitila.

Yarinyar shagon, Benedita aka rubuta a ƙirjinta,
ta jera guda uku kan tebur.
Ta fari allonta ya kai faranti,
tana hango cunkoso tun daga nesa. Ɗari biyu da arba'in.
Na yi dariya. Mu cunkosonmu tumaki ne.
Ta biyu ɗari da ashirin, Turai duka a cikinta,
har ƙasashen da ba mai jiran cukuna.
Ta uku 'yar ƙarama, kwalinta ya sha rana ya koɗe,
ƙasarmu da Sifen kawai ta sani,
in an zare ta daga wuta, awa guda ta suma.
Sittin da tara.

Surukina ya rubuto min tambayoyi a bayan rasit.
Sabunta taswira kyauta ne? Kyauta.
Robar da ke manne wa gilashi tana jure gargada?
Benedita ta ɗaga kafaɗa: "Ka ɗan jiƙa ta tukun."

Graciete ba ta taɓa ko ɗaya ba.
Ta ce, "Kunna su in ji."
Mai tsadar ta yi magana, murya kamar zuma a shayi.
"Wannan barci za ta sa shi."
Ta biyu sauri gare ta, kamar ana bin ta bashi.
Ta ukun ta ce, a bushe, ba ado:
"Bayan mita ɗari biyar, juya dama."
Matata ta karkata kai.
"Ita. Tana faɗa da wuri.
Mijina sai an ba shi lokaci."

A hanyar gida, bayan Vinhais,
muryar ta ce in miƙe.
"Kar ka miƙe," in ji Graciete, ido a rufe,
"ruwa ya cinye gadar tun hunturu.
Ba ka ji tsakuwa ƙarƙashin taya ba? Hagu."
Na yi hagu.
Na'urar ta yi jim, ta ce, "Ana sake lissafi."
Ba tsaki, ba gori.
"Ka ji mai haƙuri," in ji matata.
"Da ni ce, da ka sha magana har gida."

Canjin yuro sha ɗaya muka sha kofi da shi, da burodi.
Yanzu su biyu ke gaya min hanya,
ɗaya manne a gilashi, ɗaya a gefena,
taswirar na nan kan cinyarta, a naɗe.
In sun saɓa, na san wadda nake bi.