Akwatin Mazaɓar da Aka Goge

A Antrim, bayan cocin dutse,
Eithne McAuley na zuba dankali
cikin baƙin akwatin ƙarfe.
Na ƙuri'a ne, babanta ne mai makullin.

Shekara ashirin ba a buɗe shi ba:
ɗan takara guda, babu abokin karawa,
a tafa, a watse.
Ranar da malamin makaranta ya fito,
da aron kwat,
ya sha ƙasa da tazarar ƙuri'a tara.

Sai aka rufe majalisar Stormont,
alƙalami ya bi ta kan iyaka.
Tumaki ba su ji labari ba,
har yau tsallake ta suke.

Eithne ta ɗaga murfi, ta leƙa:
"Bana kam ya cika."