Rana a Cikin Kwalba

A Sunderland, ƙarfe uku da rabi na yamma,
an riga an kunna fitilun titi.
Na shiga asibitin unguwa da hannu a kwankwaso,
gwiwoyina suna kuka kamar tsohuwar ƙofar langa-langa.

Likita Pritchard ta duba sakamakon jinina,
ta cire tabarau, ta ce:
Malam Tanimu, ba wani babban ciwo ba ne,
rana ce ta yi maka ƙaranci.

Dariya ta ƙwace mini har na ji kunya.
Ni? Ɗan Nguru?
Ni da rana ta gasa wa ƙeya shekara talatin,
ni da na sha tsere mata
daga gindin dogonyaro zuwa inuwar katanga,
wai yau ƙashina ne ke cigiyarta.

Ta rubuta: bitamin D, ƙwaya ɗaya kullum,
bayan abinci mai ɗan maiƙo.
Sai ta ajiye biro.
Me kuma kake sha a gida wanda ban sani ba?

Na yi shiru.
Irin wannan akan ɓoye wa likita
kamar yadda yaro ke ɓoye wa uba gwiwar da ya fasa.
Amma ta jira, ba ta ko dubi agogo ba.
Na ce: zoɓo, ba sukari.
Tafarnuwa da asuba.
Man habbatus sauda, rabin cokali.
Sai jar kanwa da yayata Uwani ta aiko,
ta ranar da ciki ya yi gardama.

Ta rubuta duka, ba ta taɓe baki ba,
har ta tambaye ni haruffan kanwa.
Bayan kwana biyu ta bugo waya.
Mu mun ce kanwa uwar gami,
ita ta ce ƙanwar gishiri ce,
kuma hawan jinina ba ya ga maciji da danginsu.
Zoɓon kuwa, in sha,
in riƙa auna jini, in riƙa gaya mata.

A kantin kayan lafiya na sami kwalbar,
fam shida da 'yan canji.
Kusa da ita, sai ga zogale cikin ƙwanso,
fam goma sha huɗu, ya sha kwalliya kamar ango.
Zogalen bayan gidanmu,
wanda awaki ke miƙa wa wuya ta kan danga!
Ga garin 'ya'yan kuka a leda mai sheƙi,
wanda muke tsotsa a banza muna tofar da ƙwallo.
Yarinyar kantin ta tsaya tana koya mini amfaninsu.
Na gyaɗa kai. Na ce na gode.
Ban gaya mata tare muka girma ba.

Da dare na kira Uwani.
Ta yi dariya har waya ta faɗi.
Tanimu, rana ka saya? Nawa mudu?
Ka zo ka kwasa, ga ta nan tana ƙona mini barkono a tabarma.
Sai muryarta ta sauka:
ka dai sha abin da aka ba ka. Kanwar, ka ajiye.

Yanzu kullum in na taso aikin dare
daga gidan kula da tsofaffi,
sai in karya da ƙwai da burodi,
in zazzago ɗaya a tafin hannu,
rawaya, mai santsi, kamar ɗigon man shanu.
Bismillah. In kora da shayi.

Wata biyu ke nan. Gwiwa ta rage surutu,
ko da yake matakala har yanzu muna 'yar tsama.

Ranar Lahadi gajimare ya ɗan yage.
Na ruga bakin teku a Roker,
na naɗe hannun riga, na zauna kan benci
tsakanin wasu tsofaffin Turawa biyu,
kowa ya ɗaga haɓa, ya lumshe ido,
mu uku kamar ƙadangaru a kan katanga.
Ba wanda ya ce uffan.
Minti goma sha biyu ta yi mana.
Na ƙirga.